KIƊAN SOL DA SAMARIN UNGUWAR SHANU

Duk wanda ya zauna a Unguwar Shanu, ko a maƙwabtanta Abakpa da Unguwar Sarki, cikin shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa, watau daga 1970 zuwa wajen 1980, ba zai rasa tuna yadda yammacin Asabar yake a gidajen haya ba. A ƙofar gida dattawa sun kewaye akwatin rediyo suna sauraron Alhaji Mamman Shata. A can ɗakin ƙurya kuwa, wanda wani akawu ko ɗalibi ya kama haya, faifai ne ke juyi a kan garmaho, wata murya tana fita da irin Turancin da ko malamin makaranta sai ya kasa kunne sosai kafin ya tsinci kalma biyu. Mai muryar ya yi kamar yana lallashi, ya yi kamar yana kuka, sa'an nan ya kurma ihu, masu busa da 'yan amshi su karɓa masa.

Wannan shi ne kiɗan da ake kira sol. Kalmar ta Turanci ce, ma'anarta rai ko kurwa. Dattawa da yawa sun ɗauke shi shashanci ne kurum, wanda ya zo tare da tara suma, da wando mai faɗin ƙafa, da takalmi mai tudu. Gaskiya ne ya zo da waɗannan, sun kuwa shuɗe kamar yadda kowane yayi yake shuɗewa. Amma ba don tufafi kaɗai samari suka riƙe shi ba. Sun riƙe shi ne domin waƙa ce ta mutanen da suka baro garinsu suka zo birnin ma'aikatu neman abinci, suka sami 'yancin da iyayensu ba su taɓa samu ba, suka kuma rasa tabbacin da iyayen suke da shi. A wancan zamani kuwa Kaduna cike take da irin waɗannan mutane.

ASALIN KIƊAN

Sol ya samo asali ne daga baƙar fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Daga wajen 1916 zuwa 1970, kimanin mutum miliyan 6 daga cikinsu suka bar gonakin auduga na kudancin ƙasar, inda dokar wariyar launin fata ta yi musu katutu, suka nufi birane irin su Chicago da Detroit da New York. Sun tafi da abu biyu a baka: waƙoƙin majami'a, da waƙoƙin baƙin ciki na 'yan duniya. A da ba a haɗa su wuri ɗaya, har sai da wani makaho mai kiɗan fiyano, Ray Charles, ya ɗauki salon waƙar ibada ya yi wa mace waƙa da shi a shekarar 1954. Masu wa'azinsu suka yi ta tofin Allah tsine, amma ina, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Saboda haka ne mafi yawan gwanayen sol a majami'a suka koyi waƙa. Sam Cooke daga ƙungiyar mawaƙan addini ya fito. Aretha Franklin 'yar wani shahararren mai wa'azi ce a Detroit. Daga can suka gaji tsarin jagora ya bayar, 'yan amshi su karɓa, tsarin da ba baƙo ba ne ga kunnen da ya saba da Shata ko Narambaɗa.

Kamfanoni biyu suka fi yin suna wajen buga faya-fayan. Na farko shi ne Motown na Detroit, wanda Berry Gordy ya kafa a 1959 da rancen dala 800 daga danginsa. Shi Gordy ya taɓa yin aikin ƙwadago a ma'aikatar harhaɗa motoci, ya kuwa tsara kamfaninsa yadda ya ga ana yi a can: wannan ya rubuta waƙa, wancan ya kaɗa, wani ya koya wa mawaƙi taku da sa tufafi. Na biyu shi ne Stax na birnin Memphis, inda baƙaƙe da farare suke kiɗa a ɗaki ɗaya, a garin da ba a cika yarda su ci abinci a tebur ɗaya ba.

YADDA YA ISO

Ta bakin teku kiɗan ya shigo Nijeriya. Wani mawaƙin Saliyo, Geraldo Pino, ya zo Ikko a tsakiyar shekarun 1960 da ƙungiyarsa da manyan kayan sauti, yana kwaikwayon salon James Brown, har ya girgiza makaɗan garin, ciki har da Fela Ransome-Kuti. A ƙarshen 1970, kafin a cika shekara ɗaya da gama yaƙi, James Brown da kansa ya zo Nijeriya ya yi wasa. A ran 6 ga watan Maris 1971 kuma aka yi wani gagarumin taron kiɗa a Akra, babban birnin Gana, inda Wilson Pickett da Roberta Flack da Ike da Tina Turner suka halarta.

Arewa ba ta tsaya jiran kowa ya kawo mata labari ba. Tun 1962 Kaduna take da gidan rediyo da talabijin nata na kanta, wanda muryarsa take kaiwa nesa ƙwarai, yana watsa shirye-shirye da Hausa da Turanci. Shirye-shiryen zaɓi sonka sun ba saurayi damar da bai taɓa samu ba, watau ya aika da kati a ambaci sunansa da na wadda yake so, duk ƙasa tana ji. Jirgin ƙasa yana kawo faya-fayai daga Ikko. Sojojin da suka dawo daga bakin daga, da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da 'yan bautar ƙasa waɗanda aka fara turawa a 1973, kowa da abin da ya zo da shi a akwatinsa.

Sa'an nan ga kuɗi. A farkon 1975 aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin Udoji, haɗe da ariyas na watanni. Masinja da akawu da malamin firamare suka sami abin da ba su taɓa riƙewa a hannu lokaci ɗaya ba. Wani ya sayi babur, wani ya ƙara aure, da yawa kuwa suka sayi rediyo mai garmaho ko rakoda mai kaset. Da aka zo bikin FESTAC a 1977, wanda aka yi hawan dabarsa a nan Kaduna, Stevie Wonder na kamfanin Motown yana cikin baƙin da suka yi wasa a Ikko.

GARIN BAƘI

Don a gane dalilin da ya sa wannan kiɗa ya sami gindin zama, sai an dubi ita Kaduna kanta. Ba tsohon birni ba ne mai ganuwa kamar Kano ko Zariya ko Katsina. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta, suka mai da ita hedkwatar Arewa a 1917. Kusan kowane mazauninta daga wani wuri ya zo, ko shi ko ubansa. An buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya. An kafa Makarantar Horon Hafsoshin Soja a 1964, ma'aikatar harhaɗa motocin Peugeot ta fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980. Manyan ma'aikata suna da gidajen gwamnati. Ƙanana kuwa, da direbobi, da teloli, da 'yan ƙwadago, unguwanni irin su Unguwar Shanu suka cika, ɗaki ɗaya ko ciki da falo, rijiya ɗaya, makewayi ɗaya.

A ƙauye ko a cikin birnin gargajiya, saurayi bai cika yin dogon tunani a kan wadda zai aura ba. Iyaye sun san asalin kowa, sun san gidan da ake nema da wanda ba a nema. Ko da akwai tilas a ciki, akwai kuma tabbas. Idan auren ya sami matsala, ga baffa, ga kawu, ga waliyyi, duk a kusa. Amma saurayin da ya zo Kaduna daga Daura ko Bida ko Kagoro, albashinsa a aljihunsa, ba mai tsaya masa, ba kuma mai tsare shi. Ita ma budurwar da ta shiga makarantar koyon jinya ko ta horon malamai, ko ta sami aikin buga tafireta a ma'aikata, ta fara ganin tana da ta cewa a kan rayuwarta.

To, zaɓi daɗi gare shi, amma nauyi gare shi. Wanda ya zaɓa da kansa, in abu ya ɓaci ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Ko tana sonsa don Allah ne, ko don babur? Ko iyayenta za su ba baƙo wanda ba su san asalinsa ba? In an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha, za ta jira? In mai mota ya fito fa? Waɗannan su ne tambayoyin da ke hana samari barci, su ne kuwa ainihin abin da waƙoƙin sol suke magana a kai.

Mawaƙin sol ba ya yabon sarki, ba ya kirarin jarumtaka. Namiji ne ƙato yake tsayawa gaban jama'a ya ce yana tsoron a rabu da shi. Waƙar Percy Sledge ta 1966, When a Man Loves a Woman, wadda ta zaga duniya, bayani ce a kan yadda so yake makantar da mutum har ya rasa dukiyarsa da abokansa, shi kaɗai ne bai ga abin da kowa ya gani ba. Shi Sledge ɗin ma'aikacin asibiti ne mai kula da majinyata kafin ya yi suna. Waƙar Marvin Gaye ta 1968, I Heard It Through the Grapevine, labarin mutum ne da ya ji a bakin 'yan tsegumi cewa masoyiyarsa za ta bar shi, ya rasa ko ya gaskata ko ya ƙaryata. Wanda ya taɓa zaman gidan haya ba ya bukatar tafinta a nan.

Ga ɗan Bahaushe da aka tarbiyyantar a kan kunya da kara da haɗiye abin da ke rai, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Abin da ba zai iya furtawa da harshensa ba, ga wani ya furta masa da wani harshe. Turancin ma ya zama kamar labule. Yana iya ƙure murya ya bi waƙar a tsakar gida, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya.

SO DA HALIN ƘASA

Wani abin lura shi ne, a cikin sol da wuya a raba kukan masoyi da kukan talaka. A watan Oktoba 1963 wani otal a jihar Louisiana ya hana Sam Cooke ɗaki saboda launin fatarsa, alhali kuwa sunansa ya riga ya game ƙasar. Wannan wulaƙanci yana cikin abin da ya sa ya tsara A Change Is Gonna Come, waƙar mutumin da ya gaji da jira amma bai fid da tsammani ba. An harbe shi ran 11 ga watan Disamba 1964, ba a fitar da waƙar a ƙaramin faifai ba sai bayan mutuwarsa da 'yan kwanaki.

Haka kuma waƙar Respect. Otis Redding ne ya tsara ta a 1965, a matsayin magidanci mai neman a girmama shi in ya dawo gida. Da Aretha Franklin ta sake rera ta a 1967 sai magana ta juya, ta zama mace ce take neman a san darajarta. Baƙar fata suka ɗauka da su ake, mata suka ɗauka da su ake, kowa kuwa ya yi daidai. Bayan an kashe Martin Luther King a Memphis ran 4 ga watan Afrilu 1968, James Brown ya fitar da waƙar da take kiran baƙin mutum ya yi alfahari da launinsa. A 1971 kuma Marvin Gaye ya fitar da faifan What's Going On, bayan ƙanensa ya dawo daga yaƙin Biyetnam ya ba shi labarin abin da ya gani. Gordy ya so ya hana fitar da waƙar don gudun siyasa, amma Gaye ya kafe, ta kuwa karɓu fiye da yadda aka zata.

Matasan Kaduna ba su rasa abin da za su auna wannan da shi ba. A garinsu aka kashe Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ran 15 ga watan Janairu 1966. A watan Yuli 1967, watan da tarzoma ta ci rayuka 43 a Detroit, a watan ne yaƙin basasa ya ɓarke a Nijeriya. An rushe Jihar Arewa, Kaduna ta koma hedkwatar Jihar Tsakiyar Arewa, ma'aikata da yawa aka rarraba su zuwa sababbin jihohi. An canja hannun tuƙi a 1972, an canja kuɗi daga fam zuwa naira a 1973. Shekarar da aka ci Udoji, a cikinta aka tumɓuke Janar Gowon, gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, shi ma aka kashe shi ran 13 ga watan Fabrairu 1976. Cikin shekara goma, duk abin da yaro ya tashi ya tarar a kafe sai da ya motsa. Mutumin da bai san abin da gobe za ta haifar a ofis ba, bai kuma san matsayinsa a wurin budurwa ba, waƙa ɗaya ta ishe shi duka biyun.

NA GIDA BA SU YI SHIRU BA

Kada a ɗauka sai da aka jira Amurka kafin a san waƙar so ko ta gyaran hali a ƙasar Hausa. Haruna Uji na Haɗeja ya yi waƙoƙin soyayya da gurminsa waɗanda har yau ake sauraro. Ɗanmaraya Jos, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya yi wa karen mota waƙa, ya yi a kan auren dole, ya yi a kan gulma. In an bi ma'ana, shi ne ya fi kowa kusa da mawaƙan sol, gama shi ma talakan birni yake yi wa magana, ba fada ba. Sau da yawa kuwa saurayin da yake da faifan Otis Redding yana da na Ɗanmaraya a ƙarƙashinsa.

Akwai kuma waɗanda suka tsaya a tsakani. Bongos Ikwue, mutumin Otukpo ta ƙasar Idoma, ya yi karatu a jami'ar Zariya, ya kuma yi kiɗa da ƙungiyar ɗalibai a can. Waƙarsa Still Searching, ta ƙarshen shekarun 1970, a kan mai neman masoyin gaskiya ne wanda bai samu ba tukuna, cikin sanyin murya irin na sol amma da ƙamshin gida. Shi ne kuma ya yi waƙar buɗe wasan talabijin Cock Crow at Dawn a 1980, labarin iyalin da suka bar birni suka koma noma. Bala Miller, wanda asalinsa Zariya ne, ya kafa babbar ƙungiyar kiɗa a Kaduna, yana waƙa da Hausa da kayan busa na Turawa.

Su ma dattawan da suka yi suka, ba a ce ba su da hujja ko kaɗan ba. Wuraren da ake rawar wannan kiɗa galibi otal-otal ne da kulob-kulob inda ake shan giya. Akwai samarin da albashinsu ya ƙare a can, akwai karatun da ya lalace, akwai 'yan matan da aka yaudara da sunan soyayyar zamani aka bar su da abin kunya. Su kansu gwanayen kiɗan, da yawa ƙarshensu bai yi kyau ba. Otis Redding ya mutu a haɗarin jirgin sama a 1967 yana da shekara 26. Marvin Gaye kuwa mahaifinsa ne ya harbe shi a 1984. Sai dai kuskuren dattawan shi ne zaton da suka yi cewa faifai ne ya kawo canji. Masaƙa da makaranta da albashi da ɗakin haya su suka kawo shi. Faifai ya tarar da ciwon ne, ya kira sunansa.

BAYAN AN ƊAUKE ALLURA

Yayin sol bai wuce shekara goma sha wani abu ba. Kiɗan disko da na rege suka ture shi, kaset ya kashe garmaho, finafinan Indiya kuma suka ci gaba da riƙe zukatan masu son labarin soyayya. Motown ya bar Detroit ya koma Los Angeles a 1972, Stax ya karye a 1975. Ma'aikatun motocin Detroit suka yi ta raguwa, garin da yake da mutum wajen miliyan 1.8 a 1950 ya koma bai kai 700,000 ba, har hukumarsa ta bayyana fatarar kuɗi a 2013.

Kaduna ma ta sha irin nata. Tsuke bakin aljihu na 1982 da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 suka cinye darajar albashi. Masaƙun Kakuri suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, ta farkon ma ta tsaya a 2002. Mafi muni kuwa, rikicin shekarar 2000 da na 2002 suka raba garin, Musulmi suka fi taruwa a arewacin kogi, Kirista a kudu. Irin gidan hayar da Bakatsine da Bajju da Bayarabe da Idoma suke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, suna aron faifai a hannun juna, ya yi ƙaranci ƙwarai.

Amma tambayar da kiɗan ya tayar ba ta mutu ba, harshe kawai ta sake. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubutan Kano suka shiga fitar da littattafan soyayya, irin su Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Daga nan finafinan Hausa da mawaƙan situdiyo suka karɓa. Abin da suke tattaunawa shi ne dai wanda akawun Unguwar Shanu yake saurare a ɗakinsa: wa zai zaɓa wa mutum abokin zama, kuɗi ne ko so, kuma mene ne haƙƙin mace a cikin lamarin. Har sukar da ake yi musu ma ita ce dai wadda aka yi wa sol.

Samarin wancan zamani yau su ne dattawan unguwa, da yawa sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Su ne yanzu suke zaune a ƙofar gida, suna kallon jikokinsu da abin sauraro toshe a kunne, suna girgiza kai. Kafin su yanke hukunci, ya kamata su tuna da ɗakin ƙuryar nan da abin da ya sa suke ƙure murya a cikinsa. Ɗalibin yau kuma da ya ga tsohon faifai a ƙasan akwatin kakansa, kada ya yi dariya. Ya tambaye shi wa yake tunawa in an sa shi.